Binnen Inna

Ikilisiyarmu ta Tambuwal ba ta da girma. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a bayan gari, da benci takwas, da tebur da muke shimfiɗa wa farin ƙyalle ranar Lahadi. Yawancinmu aiki ne ya kawo mu garin: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda biyu da iyalansu, sai wani ɗan kasuwa mai sayen albasa da ke zuwa yana komawa. Fasto sau ɗaya yake zuwa a wata. Sauran Lahadin dattawa ne ke karɓa-karɓa, maigidana yana cikinsu.

Maigidana malamin lissafi ne, kuma yadda yake koyarwa haka yake wa'azi. Na ɗaya, na biyu, na uku, kowane da 'yan rassansa. Mutum ne mai tsoron Allah, abin da yake faɗa duk gaskiya ne, amma kafin ya kai na uku ɗan sandan da ya kwana a bakin aiki ya fara gyangyaɗi, yara sun fara tsungulin juna. Shi ma ya sani. Wata rana muna dawowa daga sujada ya ce mini ni Allah ya ba ni idon ganin abubuwa, shi kuwa lamba kawai yake gani, don haka in riƙa taimaka masa da misalai, 'yan gajerun labarai da za su tashi mai barci. Abin ya yi mini daɗi fiye da yadda na nuna. Tun da na gama sakandare na yi aure, ba wanda ya taɓa neman abin da ke cikin kaina in ba lissafin cefane ba. Daga nan ya zama aikinmu: ina bakin murhu, shi yana zaune a kan turmin da aka kifa a ƙofar madafa da biro a hannu, ina faɗa yana rubutawa.

A bazarar shekararmu ta uku, fasto ya bar masa kan magana a kan ɗokin neman Allah, da labarin Littafi Mai Tsarki na gajeren mutumin nan mai karɓar haraji da ya ruga gaba ya hau itacen ɓaure don kada Ubangiji ya wuce bai gan shi ba. Duk makon nan ina tattara masa abin da na gani. Na ba shi labarin kajina, yadda da sun ji ƙarar faifai sai su baro duk inda suke, har mai kwanci takan miƙe daga kan ƙwai. Na ba shi na maruƙan Fulanin da suka sauka a bayan unguwarmu: da yamma, tun mu ba mu ji komai ba, sai ka ga sun miƙe suna jan igiya har tana shaƙe su, ashe sun jiyo iyayensu na dawowa daga kiwo. Na ba shi na jarkokin unguwa da ake jerawa a bakin famfo tun ba a san ko za a kawo ruwa ranar ba. Ya rubuta duka, ya karanta, ya sosa ƙeya. Ya ce sun yi kyau, amma kaza ce da maraƙi da jarka, jama'a za su ce ya mai da su dabbobi da robobi. Mutum yake so.

Ranar Asabar Inna ta zo, kamar yadda ta saba.

Inna tsohuwa ce, ita kaɗai ce manomiya a cikinmu. Mijinta ya zo daga ƙasar Zuru tun yana saurayi, yana haƙar rijiya, har wani mai gari a wani ƙauye da ke kan hanyar Kebbe ya ba shi gona ya zauna. Ya rasu kafin mu zo garin. Ɗansu ɗaya soja ne, yana can kudu. Ta daɗe a ƙauyen har bakinta ya zama nasu sak. Saboda nisa, ranar Asabar da yamma wani ɗan kabu-kabu na ƙauyensu yake kawo ta gidanmu, ta kwana a ɗakin yara, mu tafi sujada tare. Ba ta taɓa zuwa hannu wofi ba, ko daddawa ko kuka ko busasshiyar kuɓewa. Ni na rasa mahaifiyata da wuri, kuma ban ɓoye wa kowa ba cewa ita na ɗauka a matsayinta.

Ranar na ga tana tafiya a karkace, hannu ɗaya a ƙugu. Na kawo mata ruwan ɗumi ta sa ƙafa, muka zauna muna tsinkar zogale, na tambaye ta abin da ya same ta. Ta ce ba komai, binne ta yi. Ni 'yar gari ce, na san kalmar amma ban san aikin ba, sai ta bayyana mini. Shuka ce da ake yi tun ruwa bai sauka ba. A sari busasshiyar ƙasa, a zuba iri, a rufe, a bar shi yana jiran ruwan farko. Ta ce kwana tara ta yi tana fita da sassafe, layi kaɗan yau, kaɗan gobe, har ta kai ƙarshen gona, kuma duk irin geron da ta adana ta zuba, ba ta rage ko tafin hannu ba.

Ban bari ta gama shan ruwa ba na tashi na sami maigida a ɗaki. Na ce masa ga mutum ya samu. Tsohuwa ita kaɗai, sama fes ba ko gajimare, ta ɗauki duk abin da take da shi ta ba ƙasa don ta ƙagu ta ga alkawarin Allah. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce, "Maman yara, wannan ai shi ne wa'azin gaba ɗaya." Ban koma na tambayi Inna ko ta yarda ba. Abin bai ma zo mini a rai ba, tunda yabo ne.

Wa'azin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya yi barci. An yi dariyar kajin, matan suka gyaɗa kai a kan jarkoki. Da ya zo kan binne sai ya sauke murya, ya ba da labarin kamar yadda na ba shi, sannan ya yi abin da ba mu shirya ba. Ya miƙa hannu ya nuna benci na biyu, ya ce ba a nesa tsohuwar take ba, ga ta nan zaune a cikinmu. Kowa ya juyo. Mai albasa ne ya fara tafi, sauran suka bi, wata ta rangaɗa guɗa. Inna ta ja gyalenta ta rufe fuska. Ina kusa da ita, na ɗauka kunyar farin ciki ce, har na dafa gwiwarta ina murmushi.

Bayan sujada ba ta tsaya cin abinci ba. Ta ce akuyarta na gab da haihuwa. Na ƙulla mata shinkafa da wake a leda, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Ranar Laraba aka yi yayyafi, irin wanda ke tayar da ƙamshin ƙasa ya sa yara rawa a tsakar gida. Na yi murna, na ce wa maigida ga amsar Inna ta zo. Daga nan sama ta rufe bakinta. Mako ɗaya, biyu, har aka shiga na uku, rana kamar za ta fasa kwano. Ɗan kabu-kabun nan na gamu da shi ranar kasuwa, shi ya gaya mini abin da manomi duk ya sani ni ban sani ba: ruwa kaɗan ya fi rashin ruwa illa ga binne. Yayyafin ya isa ya ta da irin, bai isa ya riƙe shi ba. Geron Inna ya tsiro kore shar, ya yi kwana biyar, ya ƙone.

Ba ta zo Asabar ɗin farko ba, ba ta zo ta biyu ba. Ba ta da waya. Na aika ɗan kabu-kabu da sabulu da sukari, ya dawo ya ce tana lafiya, ta ce a gaishe mu. Iyakar saƙon ke nan. Kowace Asabar sai in share ɗakin yara in shimfiɗa tabarmarta, da magariba in naɗe. A bakin coci kuma labarin ya riga ya zagaya. Mai albasa ya dafa kafaɗar maigidana yana dariya, ya ce Malam, ashe sauri ya haifi nawa, a wa'azi na gaba sai a yi mana na haƙuri. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka bakinsa yake. Amma na ga yara a bayan cocin suna tona rami suna zuba tsakuwa suna cewa binnen Inna suke yi, na san in ta ji wannan ba za ta sake taka ƙofar nan ba.

Mun yi 'yar jayayya da maigida, wadda ba mu saba ba. Shi yana cewa bai faɗi komai ba sai alheri, kuma ba shi ya hana ruwa ba. Ni ina cewa ba mu shirya zai nuna ta da hannu ba. Ya ce to wa ya kawo labarin? Nan ne gaskiyar take, ni ma na sani.

Ruwan gaske ya sauka ranar Alhamis da la'asar, mai yawa, har ya shigo mana zaure. Washegari da safe na bar yara wurin maƙwabciya, na biya kasuwa na auni gero tiya biyu mafi kyau da na gani, na hau kabu-kabu. Hanyar Kebbe in an yi ruwa sai addu'a. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa, takalmi a hannu. Duk gonar da muka wuce cike take da mutane, uba a gaba da sungumi, wato doguwar fartanyar saran shuka, yana tafiya yana sara, 'ya'ya a bayansa a jere da ƙorai suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ba mai ɗaga kai ya dubi hanya.

A gonar Inna mutum ɗaya ne. Na tsaya a gindin wata bagaruwa na kalle ta kafin ta gan ni. Sai ta sari layi guda har ƙarshe, ta ajiye sungumi, ta dawo farko ta ɗauki ƙwarya, ta sake bin layin tana zubawa. Aikin mutum biyu, tafiya biyu. Tun asuba layi bakwai ta yi, gonar kuwa ko kashi ɗaya cikin goma ba ta ci ba.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa duka, ta tambayi Malam da yara ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba. Na kwance ƙullin geron na tura mata. Ta ɗiba ta murza a tafin hannu, ta duba, sai na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya. Ta ce wannan gero uku ne aka gauraya, wani mai saurin nuna wani mai nawa, in ta shuka shi gona za ta fito kamar kan mahaukaci. Na tuwo ne, kuma za ta ci, ta gode. Iri kam maƙwabcinta, wani dattijo da gonarsa ke jikin tata, ya riga ya aiko mata da dami guda tun jiya bayan sallar magariba. Ya kuma ce zai turo 'ya'yansa in sun gama tasu, amma tasu kwana uku ce, kafin nan laimar ta tafi.

Na ce mata na zo neman gafara ne. Na ce ni na kai labarin, ba Malam ba, kuma ban yi don komai ba sai don ɗokinta ya burge ni.

Ta jingina da sungumi ta dube ni.

"Ɗiyata, wa ya ce miki ɗoki na?" in ji ta. "Binne nika yi don ba ni da kowa. Ran da ruwa ya sauka, kowa shina gonatai da ɗiyanai. Ni in na jira ruwa, kafin in kai tsakiya ƙasa ta bushe. Shi ya sa nika farawa da wuri, kaɗan-kaɗan, yadda bayana ka iyawa. Na san ana asara. Wanga shi na na uku da ya ƙone mini tun da baban yaro ya rasu."

Ta ce ba ta ɗora mana ƙonewar ba, Allah ke ba da ruwa, shi ke hanawa, ko da yake manomi ba ya son a yi shelar shukarsa a taro tun ba ta fito ba. Wannan duk mai wucewa ne. Sannan ta faɗi wadda har yau nake ji.

"Kun yi mini tafi, ku duka. Na jira bakin ƙofa ko wani zai ce, Inna, wa ke taya ki? Ba wanda ya ce."

Na yi kuka a wurin, ba na musu. Ita kuwa ba ta lallashe ni ba. Ta ce in kukan zan yi in matsa kan layi, ko ya ƙara laima. Na ɗaure gyale a ƙugu na ɗauki ƙwaryar. Ramin farko na zuba kusan cikin hannu, ta ce haka zan ƙarar mata da damin kafin azahar. Ta nuna mini: yatsa uku, abin da suka ɗauka shi ke nan, a saki, a ja ƙasa da diddige, a taka, a wuce, ba a sunkuyawa. Ta sara, na bi. Zuwa azahar mun ninka abin da ta yi sau uku.

Sai da na hau kan wani suri sannan waya ta kama. Na gaya wa maigida abin da ta faɗa, kalma da kalma. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambaye ni sungumi nawa ake bukata.

A ƙauyen na kwana. Washegari Asabar, ba makaranta. Hantsi bai yi ba sai ga motar mai albasa tana tangaɗi a kan hanya, bayanta cike: maigidana, 'yan sandan nan biyu, wani ma'aikacin asibiti, da mata shida na ƙungiyar zumuntar matan coci da tukunyar dafa-duka. Sun aro sungumi huɗu a gari. Babu wanda ya taɓa riƙe shi a cikinsu sai ɗan sanda ɗaya. Layin maigidana ya tashi daga gabas ya nufi kudu ya shiga na mai albasa. Dattijon nan maƙwabcin Inna ya zo bakin iyaka ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Da aka ce masa wannan malamin lissafi ne, ya ce, "To, Malam, a makaranta ma hakanan kaka ja musu layi?" Har 'ya'yansa da ke can nesa suka fashe da dariya. Daga baya ya ƙetaro ya karɓi sungumin ya sara layi ɗaya, ya ce a bi wannan, ya koma gonarsa.

Mun gama da la'asar. Tafin hannun mazan duk ya yi bororo. Mai albasa bai yi barkwanci ko ɗaya ba tun azahar. Kafin mu hau mota maigidana ya je ya tsuguna a gaban Inna, ya cire hula. Ban ji duk abin da ya faɗa ba. Ita dai ta ce ya tashi kada ƙasa ta ɓata masa wando, ta sa wa kowa albarka, ta raka mu bakin hanya. Na so in ce ta shigo motar mu tafi tare, gobe Lahadi. Ban ga ina da hurumin roƙonta ba.

Ba ta zo washegari ba. Ba ta zo Lahadi ta gaba ba. Mun koma noman farko mu bakwai, domin wasu hannunsu bai warke ba, wasu kuma aiki ya riƙe su. Ta karɓe mu da fara'a, ta dama mana fura, ba ta ce komai a kan sujada ba, mu ma ba mu ce ba. A hanya matar wani ɗan sanda ta ce mini ƙila mun makara, tsofaffi in suka juya baya sun juya. Na kwana ina roƙon Allah kada ya zama haka ta dalilina.

Lahadi ta huɗu maigidana ne kuma ke wa'azi. Ya kai na biyu, sai na ga ya tsaya, ya rasa inda yake a takarda. Na waiga. Inna ce a bakin ƙofa, zanenta jiƙe da taɓo har gwiwa. Da safen nan ta taso, babur ya kafe musu a wani kwari, ta ƙarasa da ƙafa. Na matsa mata a benci na biyu, ta girgiza kai, ta zauna a na ƙarshe kusa da ƙofa tare da masu goyo. Ba wanda ya juya ya kalle ta sau biyu. Maigida ya lalubo na uku da ƙyar.

Ta ci abinci a gidanmu ranar. Tana wanke hannu ta kira shi, ta ce, "Malam, in za ka sake sa ni cikin wa'azi, ka bari sai na mutu. Kuma ka ce wata tsohuwa."

Ya ce ya ji. Ta ce kuma wake yana son a shuka shi cikin mako mai zuwa, in masu ɗoki suna nan.

Geron bai yi yadda ake so ba a shekarar, ruwa ya ɗauke da wuri, zangarniya ta fito gajeru. Abin da ta samu bai kai ta wata damina ba, muka riƙa cikawa, ita tana ƙi muna nacewa. Waken ne ya yi kyau. Mu biyar muka je shukarsa, ranar Laraba bayan an tashi makaranta, maigida a gaba da sungumi, Inna a zaune a gindin bagaruwa tana gyara masa layi da baki.